Shinkafar mangwaro ta Tailan da madarar Aroy-D

Wallahi madarar kwakwar nan ta Aroy-D ta burge ni. Na saye ta a wani shagon 'yan Asiya nan Jidda tare da shinkafarsu mai danƙo, ita fa ba basmati ba ce, fara ce fat kuma ba a dafa ta cikin ruwa, jiƙa ta na yi tun dare da safe na turara a madambaci kamar minti 25.

Madarar kauri gareta, kina buɗewa ƙamshin kwakwa zai buge ki, na ɗora ta a wuta kaɗan da sukari da ɗan gishiri (kar ki bar gishirin, shi ke fito da daɗin) ban bari ta tafasa ba, na juye kan shinkafar tana da zafi na rufe rabin awa ta shanye tas tana sheƙi. Na yanka mangwaron Jizan (wani yanki a kudancin Saudiyya) nunanne a gefe, na barbaɗa riɗi.

Matsalata ɗaya, wata baƙala (ƙaramin shagon kayan masarufi) na fara zuwa mai shagon ya haɗa ni da shinkafar Masar wai duk ɗaya ne, ta caɓe min. Hajiyarmu da ba ta son zaƙi sau biyu ta ƙara.