Jirgi kai-tsaye ko mai yada zango: abin da za ka duba kafin ka sayi tikiti

Nisan da ke tsakanin filayen jirgi biyu ba shi kaɗai ke faɗin awannin da za ka yi ba, amma daga nan lissafi ke farawa. Jirgin fasinja mai dogon zango yana cin kusan kilomita 850 a awa. Raba nisan da 850, ka ƙara rabin awa na tashi da sauka. Daga Heathrow a Landan zuwa JFK a New York kusan kilomita 5,550 ne, wato awa 7 ke nan. Sai dai zuwa yakan kai awa 8, dawowa kuma 7 ko ƙasa da haka, domin akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa can sama daga yamma zuwa gabas. Rufe sararin samaniya ma kan tsawaita hanya: tun da Rasha ta rufe nata ga jiragen Turai a 2022, tafiyar Helsinki ta Finland zuwa Tokyo ta Japan ta tashi daga awa 9 da 'yan kai zuwa kusan 13.

Lokutan da ke kan tikiti na agogon kowane gari ne. Ka bar Landan ƙarfe 10 na safe, ka sauka New York ƙarfe 1 na rana, awa 8 ka yi, ba 3 ba.

Jirgin da ba ya tsayawa ya fi tsada galibi, amma shi ne na tsoho, da mai ƙananan yara, da mai gaggawa. A kula: wani jirgin lambarsa ɗaya, amma yana sauka a hanya ya ɗauki fasinja. Duba adadin tsayawa, kar ka tsaya ga lamba.

Mai yada zango kuwa, a nan mutane ke ƙonewa. In tikiti ɗaya ne, kayanka galibi za su wuce da kansu, kuma in jirgin farko ya makara, kamfani zai sa ka a na gaba. In tikiti biyu ka haɗa don neman araha, sai ka karɓi kaya, ka bi ta shige da fice (wataƙila da biza), ka sake auna su, kuma yawancin kamfanoni suna rufe awon kaya awa ɗaya kafin tashi. Ka rasa jirgi na biyu, asara taka ce. Da tikiti ɗaya, jiran awa 2 ya isa a babban fili; da tikiti biyu, kar ka yarda da ƙasa da 4.

Duba kuma haruffa ukun da ke nuna sunan fili a kan tikiti, domin filin da za ka sauka yana iya bambanta da wanda za ka tashi. LHR (Heathrow) da LGW (Gatwick) duk Landan ne, amma tsakanin Heathrow da Gatwick tafiyar mota ce ta kusan awa ɗaya in hanya babu cunkoso, kuma kai za ka ɗauki kayanka.