Cefanen Ƙaramar Sallah a Gombe: oda, kanti ko tandar gida?

Jiya bayan an sha ruwa ƙanwar maigidana ta kira ni, wannan ce sallarta ta farko a ɗakinta, ta ce "Adda don Allah ya zan yi da abincin Sallah ne, oda zan bayar, ko in shiga kanti in kwaso kaya, ko dai in daure in girka da kaina?" Na ce mata ƙanwata ki bari in zauna in rubuta miki a tsanake, don amsar ta fi ƙarfin waya, kuma na san ba ke kaɗai ke wannan lissafin ba yanzu da azumi ya shiga goman ƙarshe.

Kafin a zo kan kuɗi, mu tuna ranar mece ce. Ayar azumi ta cikin Baƙara, aya ta 185, da maganar godiya ta ƙare, a cika adadin kwanaki, a girmama Allah bisa shiriyar da ya yi mana, ko ma gode. To ranar godiya ce, kuma abu na farko a takardar cefanenki shi ne hatsin zakkar fidda kai, sa'i ɗaya wato mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum na gidan, daga irin abin da kuke ci, a fitar kafin a tafi idi. Wallahi ina ganin gidajen da ake ƙarar da kuɗi a anko da leshi da katan-katan na lemo, sai daren Sallah a fara neman inda za a ranto masarar fidda kai, abin yana min ciwo sosai. Ki fara auna wannan ki ajiye gefe, sannan ki duba abin da ya rage.

Kanti dai ba zan ɓata miki lokaci a kansa ba. Biskit, alewa, lemon kwali, cincin na roba, rabin kuɗinki kwali da leda kika saya, kuma baƙo zai tashi da yunwarsa. In yara sun matsa ki saya musu leda ɗaya ta alewa, shi ke nan.

Oda kuwa ni ta taɓa ƙona ni, shi ya sa in ana maganarta raina ke tashi. Sallar 2023 ce, wadda ta faɗo ranar Juma'a 21 ga Afrilu, ba a daɗe da fita daga wahalar ƙarancin takardun kuɗi ba, ni kuma ina jego ba ƙarfi a jikina. Na ga hotunan wata mai abinci a waya, masa fara tas ta yi kumburi gwanin sha'awa, na ba ta odar masa ɗari biyu da bokitin miya, ta ce sai an biya duka, na tura mata duka. Safiyar Sallah aka sauko daga idi waya a kashe. Surukaina sun zo, yaran maƙwabta suna ta shigowa da kwanukan gidajensu, ni ba abin da zan zuba in mayar, wannan kunyar har yau ban manta ta ba. Sai bayan la'asar mai babur ya iso, masa ta sandare ta yi tsami, miyar ta fara kumfa saboda zafi. Ta karɓi odar da ta fi ƙarfinta ne kawai, ta soya tun jiya ta tara. Ban ce duk masu oda haka suke ba, akwai masu amana, amma in dole ce ta kama ki, kamar rashin lafiya ko jego, to ki ba wadda kika san ƙofar gidanta, wadda kika taɓa cin abincinta da bakinki, ki ba da rabin kuɗi, ki tura yaro ya karɓo da kansa da sassafe. Hoto ba shaida ba ne, da yawa ɗauko shi ake yi a wani wuri a liƙa.

Abin da nake so, kuma shi nake ce miki ki yi, masa da miyar taushe a tandar gidanki. Innata 'yar Bauchi ce, kowa kuwa ya san masar Bauchi, a hannunta na koya. Dalilina ba ƙauna kaɗai ba ce, akwai lissafi a ciki. Mudu biyu ko uku na shinkafar tuwo za su ciyar da gida, su cika kwanukan maƙwabta, a samu na almajiran da za su yi sallama, alhali in dafa-duka ko soyayyiyar shinkafa za ki yi sai kin ninka, ga mai ga nama da take ci kamar me. Masa tana da auki, tsoho mara haƙori zai ci, yaro zai ci da sukari ko zuma, wanda ba ya son miya ki barbaɗa masa yajin ƙuli da ɗan man shanu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, kuɗin mota ya hau kan kowane buhu, saboda haka abincin da kusan duk kayansa a nan kusa da mu ake nomawa shi ne mai sauƙi a aljihu.

Shinkafa. Ki nemi ɗanya ta tuwo, wadda ba a turara ba. 'Yar waje ta buhu da duk wata turararriya ba sa yin masa mai kyau, ƙullun ba ya tashi yadda ake so, kar ki ɓata kuɗinki. Muna da Dadin Kowa a nan Yamaltu Deba, madatsar ruwan da ke kan kogin Gongola, ana noman shinkafa rani da damina, kuma a kasuwar Tudun Hatsi za ki same ta iri-iri. Ki ɗebi kaɗan ki tauna, in ta yi ƙaras ta bushe, in ta yi taushi a haƙori akwai danshi a jikinta, za ta yi wari kafin Sallah kuma ba za ta yi auki ba. Ki cusa hannu har ƙasan buhu, don ana jera mai kyau a sama, ƙasa kuma gutsattsari ne da tsakuwa. Sai mudu. Ki juya shi ki kalli gindinsa, in an buga shi ya shige ciki to a kowane awo ana cin haƙƙinki, ni da mudun gidana nake zuwa kuma ban taɓa jin nauyin fito da shi ba. Wani abu kuma, tun da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019 wasu suka koyi juye 'yar gida a buhun 'yar waje su ɗinke su ƙara kuɗi. Ke da za ki sayi 'yar gida da sunanta kin huta da wannan.

Mai shi ne inda na fi tsoro. Hanya uku ce, na jarka mai tambari a rufe, na awo da ake tsiyaya a kwalba a bakin hanya, da na matan da ke yin ƙuli a gida. Na jarka in hatiminsa bai taɓu ba kuma akwai lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, babu laifi, sai dai tsada kuma ba ƙamshi. Na awo a hannun wanda ba ki sani ba, ki bar shi, ko kyauta ne. Na taɓa sayen kwalba uku ana gobe Sallah saboda na ga sauƙi, ina zubawa a tanda ya hau kumfa yana ƙarnin kifi, masa ta fito baƙa-baƙa, ashe tsohon man suya ne aka tace aka gauraya da sabo, dole na zubar da zubin farko gaba ɗaya na aika gidan Goggo aka sammin. Ana kuma tara tsofaffin jarkoki masu tambari a cika da wani man daban, don haka jarka mai suna ma ki duba murfinta da kyau, in zoben ya rabu da murfin an taɓa buɗewa.

Nawa zaɓin man ƙuli ne na cikin unguwa. Ki je gidan da kanki tun azumi na ashirin da 'yan kai, ki ga gyaɗar da take soyawa, ki ga tunkuzar da ake matsewa. Ki kalli gyaɗar sosai, in akwai mai fumfuna ko baƙi-baƙi a ciki ki haƙura, gubar da ke cikin irin wannan gyaɗar hanta take taɓawa kuma wuta ba ta kashe ta. Man gaskiya ƙamshin soyayyiyar gyaɗa yake yi tun kafin ki kai hanci, in kin kawo gida ki ɗora a wuta ki yanka albasa a ciki ta soyu, gafin ya fita, ya huce ki juye. A gidan nan dai za ki sayi ƙulin yajinki da markaɗaɗɗiyar gyaɗar miya, tafiya ɗaya biyan buƙata uku, kuma kuɗinki ya shiga hannun matar da ita ma take neman abin yi wa 'ya'yanta Sallah. Manja kuwa in za ki sa a miya, ki guji wanda jansa ya wuce misali yana rina yatsa, NAFDAC ta sha gargaɗi kan masu zuba masa kala mai cutarwa. Man shanu ma ana cakuɗa shi da bota, ki saya a wurin 'yar Fulanin da ta saba kawo miki nono, ki soya kaɗan ki ji ƙamshin kafin ki biya na kwano guda. Dakakken barkono da yajin leda ban yarda da su ba sam, ban san me aka daka a ciki ba, ki sayi busasshe ki daka abinki. Ayaba da mangwaro da kika ga sun yi ruwan ɗorawa sumul amma ciki da ƙarfi ba zaƙi, da sinadarin nan na masu walda aka nuna su, kar ki ba yara.

Tanda ta ƙasa ta fi, masarta tana yin ɓawo a baya ciki kuma laushi, tana riƙe zafi daidai a kan gawayi. Ki ƙwanƙwasa ta kafin ki biya, in ta yi ƙara mai kaifi ta gasu, in ta yi dum-dum akwai tsaga. Sabuwa sai an horar da ita, ki shafe ramukan da mai ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan kwana biyu ko uku kafin ranar, kar ki fara gwada ta da asubar Sallah. Ta ƙarfe tana yi in a gas kike girki. Mai baƙin shafen nan mai arha kuwa wata biyu ya fara ɓarewa yana bin abinci.

Kayan miya Allah ya taimake mu, a 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa ne lokacin da kayan lambun rani ke kasuwa. In kina da mai zuwa kasuwar Kwadon ki ba shi saƙo ku haɗa kwando ku raba da maƙwabta, tumatir, tattasai, attaruhu da albasa, ya fi sayen kashi-kashi ana jibi Sallah lokacin da kowa ya rufa a kai. Ki markaɗa ki tafasa ruwan ya ƙone ki soya da mai, zai jira ki ko babu wuta. Kabewa ki ɗauki mai nauyi wadda cikinta ya yi ja, alayyahu da yakuwa su kaɗai za ki bari sai ranar ƙarshe, daddawa ta kalwa ki shinshina da kanki. Tumatirin leda ba shi da wuri a taushe.

Nama, ki ce wa maigidanki ya shiga watanda, amma wadda za a yanka san a gabansu a kasa a gabansu, kuma mai riƙe kuɗin mutum ne da ake sallah da shi a masallacin unguwa. An sha tara kuɗin watanda a hannun wanda ba a sani ba ya ɓace. Taushe ƙashi da kayan ciki take so, ba sai kin sayi tsoka zalla ba. In da hali ki ƙara zabo ɗaya ko kazar gida saboda surukai. Daskararrun kajin da ba ki san daga ina suka fito ba, ko sau nawa suka narke suka sake daskarewa, ki wuce su.

Abin sha zoɓo ne da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ko tsamiya, bokiti guda bai kai kuɗin katan ɗaya na lemo ba. Kunun aya yana da daɗi amma a zafin Gombe ba ya kai la'asar in ba ƙanƙara, ki yi kaɗan. In wani ya kawo muku lemon kwali ki duba kwanan wata, lokacin Sallah ake fito da wanda ya kusa lalacewa, wani har an kankare rubutun.

Saura lissafin wata, don shi ke rikita amare. Ba ki san azumi 29 za a yi ko 30 ba sai an ji sanarwar Sarkin Musulmi. Ranar 29 ki jiƙa shinkafarki da azahar, ki dafa 'yar kaɗan ki ajiye ta huce. In an ga wata ki wanke ki haɗa da dafaffiyar da albasa a kai inji, in ba a gani ba ki tsane ta ki baza a faranti ta sha iska, gobe ki sake jiƙawa. Yis ki rage hannu saboda zafi, in kin cika shi kafin asuba ƙullun ya wuce, in ya yi tsami kuma ɗan ruwan kanwa zai gyara, sannan gishiri da sukari. Daren Sallah layin inji yana da tsawo kuma mai inji sauri yake, don haka ki bi yaron da kanki ko ki tura babba, a tsaya sai an wanke injin an zuba ruwa ya fito fari, don in aka markaɗa miki a bayan mai attaruhu ko mai wake ƙullun ya lalace. Ki tafi da bokitin ruwanki mai tsafta daga gida, da murfi.