Tirela ko jirgin ƙasa: wanne ya fi shan mai a dakon siminti?

Alhaji, ka tambaya idan za a ɗauko siminti ko taki daga Kudu zuwa Kano, tirela ce ta fi shan mai ko jirgin ƙasa, kuma me ya sa masana'antu suka maƙale wa tirela.

In dai maganar mai ce, ba a ma haɗa su. Tayar roba tana lotsawa a duk juyin da ta yi a kan kwalta, lotsawar nan kuwa ƙarfin inji take ci. Taɓa tayar tirelar da ta sha tafiya, za ka ji ta da zafi. Gas ɗin da aka saya da tsada ne ya koma zafin nan. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, da ƙyar take lotsawa. Ga iska kuma: kowace tirela ita ke keta tata, taragai kuwa fakewa suke a bayan juna, kan jirgi ɗaya yana jan ashirin ko fiye. Kamfanonin jiragen ƙasa na Amurka suna lissafin cewa man da zai kai tan ɗaya wani nisa a tirela, a jirgi zai kai shi ninki 3 zuwa 4 na wannan nisan. Wannan a kan layi mai lafiya ne da dogayen jirage, tsohon layinmu ba zai kai haka ba, amma duk da haka jirgi ne a gaba.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga takardar mai tirela. A gwajin hanya da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960, an gano cewa in aka ninka nauyin da ke kan jerin tayoyi sau 2, ɓarnar da yake wa kwalta tana ninkuwa kusan sau 16. Ƙarin rabi kawai yana kawo ɓarna kusan ninki 5. To ka duba tirelar da ya kamata ta tsaya a buhu 600, wato tan 30, amma a jibga mata 900. Ita ke haƙa ramukan, ramukan kuma su sa kowa taka burki da sauya giya, mai ya ƙara tafiya.

Inda tirela ke yin galaba shi ne daga ƙofar masana'anta take lodi, a ƙofar sitonka take saukewa. Jirgi kuwa, in layi bai shiga cikin masana'antar ba, sai mota ta kai kaya tasha, 'yan dako su sauke su ɗora, a Kano a sake haka. Kuɗin lebura sau biyu, ga buhunan da za su fashe, ga kwanakin jira alhali jarinka na kwance.

Sai matsalar faɗin layi, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu, wadda a ganina ita ce babba. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne. Sababbin, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Legas zuwa Ibadan na 2021, milimita 1,435 ne. Taragon wannan ba ya hawa wancan, kuma sababbin biyu ba su haɗu ba. Kayan da suka hau sabon layi a tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas, a Ibadan za su sauka.

Don haka shawarata: mai ɗauko tirela biyu ko uku a wata, ya zauna da tirelarsa. Mai ɗaukar ɗaruruwan tan a kai a kai, shi ya kamata ya je Hukumar Jiragen Ƙasa ya nemi farashin tan ɗaya, ya ɗora kuɗin mota da na 'yan dako na ɓangarorin biyu, kuma ya nemi a rubuta masa kwana nawa kayan za su yi a hanya kafin ya biya.