Shagon Zanen Zamani a Ulaanbaatar: Ainihin Aiki Ya Fi Kwafinsa Nesa Ba Kusa Ba

A wani titi da ba shi da nisa da dandalin Sukhbaatar, a tsakiyar birnin Ulaanbaatar na ƙasar Mongoliya, akwai ƙaramin shagon zane-zane mai ɗakuna biyu wanda ya keɓe kansa ga aikin matasan masu zanen ƙasar, musamman waɗanda ke cuɗa zahiri da mafarki. Ɗakin ciki na ainihin zane ne, na waje kuma na kwafin da aka buga a takarda. A ganina ɗakin ciki ya cancanci duk lokacin da mutum zai ba shi, amma na waje bai kai ko rabinsa ba.

Abin da ya fi yawa a bangon ciki shi ne mutum da dabba da ƙasa sun shiga jikin juna. Akwai zanen wata mace da ƙahonnin barewa suka tsiro daga gashinta, tsuntsaye na sheƙa a cikinsu. Akwai doki wanda haƙarƙarinsa ya buɗe, kogi na gudana a ciki, sai kuma wanda ya fi tsaya mini a rai: tantin makiyaya mai da'ira, wanda suke kira ger, yana shawagi a saman hayaƙi, igiyoyinsa na reto ba su sami ƙasar da za su kama ba. Mai kallo zai iya zaton kwaikwayo ne na salon cuɗa zahiri da mafarki da ake kira surrealism, wanda ya ɓullo a Faransa a shekarun 1920, amma tushen waɗannan hotuna yana gida. Rayuwar makiyayin Mongoliya ta rataya ne a kan dabbobi iri biyar, wato dawaki, shanu, raƙuma, tumaki da awaki, kuma idan mummunan hunturun da ake kira dzud ya sauka yakan share garke ƙaf. Na 2009 zuwa 2010 ya kashe miliyoyin dabbobi, ya kuma tura iyalai da dama zuwa unguwannin tantuna da ke gefen babban birnin, inda ake ƙona gawayin kwal domin ɗumama ɗaki. Yau kusan rabin al'ummar ƙasar, wadda yawanta ya kai kimanin miliyan 3.5, a wannan birni suke. Saboda haka tantin da ke yawo a kan hayaƙi labarin iyaye da kakannin masu zanen ne.

Ta fuskar gwaninta, mafi kyawun ayyukan sun bi salon gargajiya na Mongol zurag, wanda ya gaji abubuwa da yawa daga zanen addinin Buda: layi siriri kamar gashi, launi shimfiɗe ba tare da inuwa mai nauyi ba, da ƙananan al'amura birjik a fili guda. Wanda ya ga shahararren zanen Balduugiin Sharav na rayuwar yini ɗaya a Mongoliya, da ke gidan tarihin Zanabazar, zai gane silsilar nan take. A zamanin gurguzu, kafin sauyin 1990, hukuma ce ke shata wa mai zane iyaka, kuma salon Tarayyar Sobiyet ne ke da rinjaye. Bayan nan ne aka sami irin su Nomin Bold, wadda aka nuna aikinta a baje kolin zane-zane na duniya mai suna documenta a 2017, da Munkhtsetseg Jalkhaajav, wadda ta wakilci ƙasar a baje kolin Venice na Italiya a 2022 kuma aka san ta da siffofin mata da tsuntsaye da dabbobi. Matasan shagon kan wannan turba suke, wasu da ƙarfinsu, wasu kuwa da lalube.

Wannan sirantar layi ce ta tona asirin kwafin. Na'urar bugawa ta haɗiye ƙananan layukan gashin doki da na ciyawa, shuɗin sama ya dushe, jan kuma ya yi kauri fiye da kima, har zanen macen nan mai ƙahonni ya koma tamkar hoton kalanda. Gara mutum ya ƙara kuɗi ya ɗauki ƙaramin ainihin aiki a kan yadin auduga da ya sayi babban kwafi. Haka kuma akwai wani sashe na kyarkeci da mahaya masu sulke da aka yi domin 'yan yawon buɗe ido kawai, kuma ba ya buƙatar dogon tsayi.

Ma'aikatan suna da haƙuri, suna bayani da Turanci gwargwado, ba sa kuma matsa wa mai kallo ya saya. Sai dai bayanan da ke jikin bango da haruffan Sirilik, irin na Rasha, kaɗai aka rubuta su, don haka baƙo ba zai san sunan mai zane ko shekarar aikin ba sai ya tambaya. Farashi da kuɗin tugrik yake, ana kuma karɓar kati. Suna naɗe zane a cikin bututun kwali mai ƙwari, su haɗa da takardar da ke nuna sabon aiki ne, kuma ya kamata mai saye ya adana ta, domin dokar ƙasar ta taƙaita fitar da kayan tarihi kuma ana iya tambaya a filin jirgin sama.