Asibitin fata da ya duba mini zubewar gashi a Kumasi

Mai kitsona ce ta fara gani. Tana tsaga mini kai a gidanta da ke Aboabo, sai ta tsaya da tsinke a hannu ta ce, "Hajiya, kin san akwai fili a ƙeyarki?" Da ta haɗa mini madubi biyu, na ga wuri zagayayye mai faɗin kwabon sidi ɗaya, sumul, babu amosani, babu ƙaiƙayi. Wata biyu na yi ina goga tafarnuwa da man habbatussauda, domin wasu sun ce makero ne, wasu sun ce kambun baka, har wani filin ya ɓullo a bayan kunne. Daga nan na nufi wani asibitin fata mai zaman kansa a nan Kumasi.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne sai da ma'aikaciyar jinya ta rufe ƙofa kafin a ce in cire ɗankwali. Likitar ta duba wurin da madubi mai fitila, ta duba gira da farce, ta tambayi tarihin dangi, sannan ta sa a gwada jinina saboda ciwon tayirod (wata gaɓa ce da ke gaban wuya), wanda yakan zo tare da wannan cuta. Ta ce sunanta alofeshiya ariyata: garkuwar jiki ce take kuskure ta far wa saiwar gashi, amma saiwar ba ta mutuwa, shi ya sa gashi ke iya dawowa, wani lokaci ma ba tare da magani ba. Ta ƙara da cewa ba a ɗaukarta daga wani. Ni da na raba mataji da 'ya'yana mata tsawon makonni, wannan magana kaɗai ta biya kuɗin ganin likita.

Maganin shi ne allurar triamcinolone a cikin fatar wurin duk bayan mako shida, da minoxidil na shafawa. Allurar tana da zafi, ba zan ɓoye ba, kuma tun farko an gargaɗe ni cewa fatar kan iya lotsawa ko ta yi haske, abin da ya fi fitowa fili a jikin baƙar fata. Bayan zuwa na uku gashi ya fara tsiro, fari kuma mai laushi kamar na jariri, daga baya ya yi baƙi. Likitar ba ta taɓa yi mini alkawarin warkewa ba. Ta ce cutar takan tafi ta dawo. Da na tambayi ƙwayar baricitinib, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2022, ta bayyana cewa ta masu zubewa mai tsanani ce, tana da tsada, kuma tana buƙatar gwajin jini akai-akai.

Akwai gyara. An ba ni ƙarfe tara, ban shiga ba sai dab da azahar, ba sa karɓar katin inshorar lafiya ta ƙasa (NHIS), kuma da Turanci da Tuwi kawai ake bayani, don haka duk wanda zai kai dattijuwa daga Zango ya zauna da ita har cikin ɗakin likita. Filin ƙeyata ya rufe, na bayan kunne kuwa saura kaɗan, kuma mai kitso ta daina ja mini gashi a wajen.