Hon ɗin kamfani ko mai ƙara: wanne ya dace da babur ɗinka?

Hon ɗin da ke zuwa da babur irin su Bajaj Boxer ɗan faifai ne guda ɗaya, wuta kaɗan yake ci. Batir ba ya jin nauyinsa, maɓallin hannu ma haka. A cikin unguwa ya wadatar. Matsalarsa sai an hau babban titi: direban tirela, ko mai mota da ya rufe gilashi ya kunna rediyo, ba lallai ya ji ka ba.

Shi kuwa mai ƙara, musamman na iska mai ɗan kwamfuresa, ana jin sa daga nesa, kuma hakan na iya ceton rai. Amma fa yana zuƙar wuta ninkin-ba-ninkin. Duka biyun da wuta mai ƙarfin bolt 12 suke aiki, sai dai siririyar wayar kamfani ba za ta iya ɗaukar mai ƙarar ba. Idan aka jona shi kai tsaye, waya ta yi zafi, maɓalli ya ƙone, wani lokaci fitila ta dushe da zarar ka danna. Dole a jawo waya mai kauri daga batir, a sa fiyus kusa da shi, a sa rile tsakani, wato ɗan makunnin da ke ɗauke wa maɓalli nauyin wuta. Kada ka yarda mai gyara ya tsallake fiyus ɗin nan.

Abin da ke damuna shi ne razana mutane. Tsohuwa na tsallaka titi a ɗirka mata ƙarar tirela, tana iya ruɗewa ta faɗo gabanka.

Mai yawon cikin gari ya ci gaba da na kamfani. Mai bin hanyar Kano zuwa Zariya kullum, gara ya sa tagwayen hon na faifai da rile, sun fi na iska sauƙi ga batir.