Sharhi: gangarowa daga dutsen Whistler da keken haya

Whistler, a lardin British Columbia na Kanada, kimanin kilomita 120 daga Vancouver, wurin wasan zamiya ne a kan dusar ƙanƙara. Idan ƙanƙarar ta narke, daga tsakiyar Mayu zuwa Oktoba, kujerun nan masu tafiya a kan igiya da ke kai masu zamiya sama sai su koma jigilar masu keke. Tun 1999 ake wannan harka a wurin. Tikiti yana saya maka hawa ne kawai, saukowa kuwa aikinka ne. A ganina wurin ya cancanci kuɗin da ake biya, amma daɗin yinin ko wahalarsa ya dogara ne a kan minti goma sha biyar ɗin da ka yi ana daidaita maka keke kafin ka shiga layi.

Keken gangara ba keken yawo ba ne. Nauyinsa kilo 16 zuwa 18, shokozoba gaba da baya kowanne yana lotsawa har milimita 200, sirdi a ƙasa sosai saboda a tsaye a kan feda za ka yini. Giyarsa kaɗan ce, galibi bakwai, duk masu nauyi. Kada ka yi tunanin hawa tudu da shi.

Shagunan haya a ƙauyen Whistler da ke gindin dutsen suna da yawa, kuma kekunansu na zamani ne. Matsalar ita ce keken da aka miƙo maka, jiya wani ne ya hau shi, mai nauyi dabam da hannu dabam. Idan da safe ne jama'a sun yi yawa, wani shagon zai tambayi nauyinka kawai ya sallame ka. Kada ka yarda. Sa duk kayan kariyarka, ka hau feda ka tsaya, a auna yadda shokozoban baya ya lotsa. Kashi 30 cikin ɗari ake so: idan tsawon tafiyar sandarsa milimita 75 ne, ya nutse kamar 22. Na gaba kashi 15 zuwa 20 ya isa. Mai iska ana gyara shi da ƙaramin famfo cikin minti biyu. Mai sifirin kuwa sai an canza sifirin ɗin gaba ɗaya, akwai lamba a jikinsa kamar 400 ko 450, kuma nan ne ake yawan yi wa mutum ƙwauro. Sifirin da ya yi maka taushi zai riƙa buga ƙarshe a kowace dira, wanda ya yi tauri kuma taya ba za ta kama ƙasa ba. Akwai wani ɗan maɓalli, yawanci ja, mai sarrafa saurin dawowar shokozoba bayan ya lotsa. Idan ya cika sauri, bayan keken zai harbo ka sama a bakin tsalle, wato tudun da aka gina a hanya don keke ya tashi sama, kamar jaki ya yi tutsu.

Iskar taya ma haka. Ga mai kilo 75 a kan taya mai kaurin gefe marar tub, psi (ma'aunin iskar taya) 24 a gaba da 27 a baya wurin farawa ne mai kyau. An fi cika wa kekunan haya iska fiye da haka don gudun faci, sai ka ji keke yana tsalle-tsalle a kan duwatsu. Idan ka rage da yawa kuma, dutse zai daki gargare ya lotsa shi, ko taya ta saki iska a kwana.

Birki shi ne inda ya kamata a fi daɗewa. Da farko tabbatar da wane hannu ne na gaba. A Kanada da Amurka hagu ne gaba, a Ingila da Ostareliya dama ne. Wanda ya saba da ɗaya ya damƙi ɗayan a ruɗe, ta kan keke zai wuntsila. Ana iya juya su a shago idan ka faɗa. Sai ka leƙa takalman birkin: idan abin da ya rage bai kai milimita 1 ba, a canza kafin ka fita. Na ƙarfe sun fi jure zafi, duk da ƙarar da suke yi idan sun jiƙe. Masu laushin sun fi shiru amma doguwar gangara tana cinye su. A matsar da hannun birkin ciki yadda yatsa ɗaya, manuniya, zai faɗa daidai kan ƙugiyarsa. Birkin nan mai fistin huɗu ne da faifai na milimita 200 ko fiye, yatsa ɗaya ya ishe shi, sauran su riƙe kan keke.

Kuskuren kusan kowane sabon zuwa shi ne riƙe birki kaɗan-kaɗan tun daga sama har ƙasa. Zafi yana taruwa, fuskar takalmin ta yi santsi, man birki ya tafasa, sai ka ja hannun birki ya tafi har jikin kan keke babu kamu. Wannan riƙon kuma shi ke sa damtse ya sandare, yatsu su ƙi buɗewa bayan zagaye uku ko huɗu. Maganin ɗaya ne: ka taka birki da ƙarfi a inda hanya ta miƙe, kafin kwana, ka saki a cikin kwanar. Idan ka ji birki ya fara laushi, fita gefe ka jira minti biyar. Kada ka taɓa faifan, yana ƙona fata.

Hanyoyin da kansu su ne abin da Whistler ta yi fice da shi. An yi musu alama irin ta masu zamiya: kore mai sauƙi, shuɗi matsakaici, baƙin lu'ulu'u ɗaya mai wuya, biyu na gwanaye. Sashen ƙasa, Fitzsimmons, shi ne makaranta. B-Line tana koyar da kwana mai gini a gefe, Crank It Up tana koyar da tsalle. Tsallenta masu shimfiɗaɗɗen kai ne, wato ko ba ka kai ƙarshe ba kana dira a kan ƙasa, ba cikin rami ba. A-Line, wadda duk duniyar masu keke ta sani, baƙa ce, tsallenta manya ne kuma suna son gudu. Wanda bai riga ya ƙware a Crank It Up ba, ba shi da abin yi a can. Taka birki a bakin tsalle yana sa gaban keke ya nutse, abin da ya fi karyewa kuma shi ne ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa, sai wuyan hannu. Sama da nan akwai Garbanzo, saiwoyi da duwatsu da doguwar sauka, sannan Top of the World da ke farawa daga ƙololuwa, wadda idan ka bi har ƙauye ka sauko kimanin mita 1,500. Ita tana buɗewa ne a tsakiyar kakar hawan keke, bayan ƙanƙarar sama ta tafi. Shuɗin Whistler, in faɗi gaskiya, ya fi shuɗin wurare da yawa wuya, don haka a fara da kore ko da an ga kamar raini ne.

Abin da zai iya rage daɗi: ƙarshen mako layi yana tsawo a ƙasa, musamman lokacin Crankworx, bikin gasar keke da ake yi a wurin. Idan rani ya yi nisa ba ruwa, ƙura tana tashi, gargada kuma tana fitowa a gaban kowace kwana saboda dubban tayoyin da suka ja birki a wuri ɗaya. Ana gyarawa, amma ba a iya cim ma yawan masu hawa. Farkon kakar hawan keke, ko kwana ɗaya bayan ruwan sama, ƙasa ta fi kamu. A cikin ruwan kansa kuwa saiwoyi da gadojin katako suna zama kamar sabulu.

Hular kwano mai rufe haɓa, tabarau mai roba, safar hannu da kariyar gwiwa ba abin sasantawa ba ne, ana kuma ba da su haya tare da na ƙirji da baya. Gwada hular da kyau, idan tana juyawa a kai ta yi girma. Kada ka tsaya a bayan tsalle inda mai zuwa ba ya ganinka, ja keke ka fita daga hanya gaba ɗaya. Baƙaƙen beyar, wasu manyan namun daji, suna kiwo a gefen hanyoyin, a kan hango su daga kan kujera. Idan ka ci karo da ɗaya, tsaya nesa ka ba shi hanya.

Ga mai yini na farko, rabin yini tare da mai koyarwa da zagaye biyar ko shida a kore da shuɗi sun wadatar. Tsakanin zagaye ka girgiza ƙafafun keken ka ji ko aksil ya kwance, ka matsa sifokun baya ka ji ko wasu sun saki, domin gargadar nan tana kwance noti a yini ɗaya.